Yadda Za Ka Sha Maganin Kashe Raɗaɗi Mai Ƙarfi Ba Tare Da Ya Kama Ka Ba

Da yawa daga cikin mutanen da tiramol ko kodin ko allurar fenta suka kama ba a majalisar 'yan shaye-shaye suka fara ba. Sun fara ne a kan gadon asibiti bayan karaya ko tiyata, ko bayan an ciro wa mace ɗa ta hanyar aiki, ko a daren da ciwon sikila ya tashi har marar lafiya ya rasa inda zai sa kansa. Likita ya rubuta magani da kyakkyawar niyya, maganin kuma ya yi aikinsa, sai dai ba a zauna an faɗa wa marar lafiyar ranar da zai daina ba, balle yadda zai daina. A ganina, a nan mafi yawan ɓarnar take farawa, domin maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi abu ne da ake tsara ranar rabuwa da shi tun ranar da aka fara shan sa.

Girman matsalar a ƙasar nan ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda a Nijeriya. Daga cikinsu, kimanin miliyan 4.6 magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol suka sha ba bisa ƙa'ida ba, kimanin miliyan 2.4 kuma maganin tari na ruwa. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani binciken da BBC ta yi a kan yadda ake safarar sa, amma haramcin bai raba waɗanda jikinsu ya riga ya saba da larurarsu ba. Amurka ma, duk da yawan likitocinta, ta faɗa wannan rami ta ƙofar asibiti. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da ƙwayar OxyContin, wadda take dangin su tiramol da kodin, yana tallata ta a matsayin wadda ba ta cika kama mutum ba, a 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudarar jama'a a kan haka, kuma zuwa 2021 mutanen da shan ƙwaya fiye da kima yake kashewa a ƙasar sun haura 100,000 a shekara, akasarinsu ta hanyar wannan dangin magani.

Ka fara sanin abin da aka ba ka

Magungunan ciwon jiki da muke amfani da su sun kasu gida biyu manya, kuma haɗarin kowane gida daban ne. Gida na farko shi ne na farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol, da kuma masu rage kumburi irin su ibufurofen da daiklofenak da firoksikam da ake sayarwa da sunan Felvin. Waɗannan ba sa sa maye, amma yawan su yana lalata gaɓoɓin ciki a ɓoye. Farasitamol idan ya wuce giram 4 a yini ga babba mai lafiya, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, yana iya ƙona hanta, kuma alamun ba sa fitowa fili sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, lokacin da ɓarnar ta riga ta yi nisa. Masu rage kumburi kuwa suna jawo gyambon ciki da zubar jini a hanji, suna ɗaga hawan jini, suna kuma raunana ƙoda, musamman ga mai aiki cikin rana wanda ba ya shan isasshen ruwa.

Gida na biyu shi ne na dangin ofiyam, wato tiramadol da ake kira tiramol, da kodin, da fentazosin da ake kira fenta, da fetidin, da mofin. Waɗannan a ƙwaƙwalwa da laka suke aiki, suna toshe saƙon ciwo, kuma tare da haka suna saukar da natsuwa da wani irin jin daɗi, suna kuma rage saurin numfashi. Jin daɗin nan shi ke jan mutum ya koma, rage numfashin kuma shi ke kisa. Saboda haka abu na farko da za ka yi idan an miƙo maka magani shi ne ka tambayi sunansa na asali da ƙarfinsa, ka karanta abin da aka rubuta a jikin katin, ka san ko na gida na biyu ne.

Wannan shi ya sa nake ganin haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a wasu kemis ya fi komai haɗari. Mutum ya dawo daga gona ko daga dako jikinsa yana tsami, a zubo masa ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban, babu suna, babu kwali, bai san ko akwai tiramol a ciki ba, bai san ko an haɗa masa masu rage kumburi iri biyu da za su taru su ci masa ciki ba. Kada ka haɗiyi ƙwayar da ba ka ga kwalinta ko katinta ba. Ka kuma sani cewa tiramol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100. Duk tiramol ɗin da ka ga an rubuta 200 ko 225 ko 250 a jikinsa ta ɓarauniyar hanya ya shigo, kuma babu mai iya ba ka tabbacin abin da ke cikinsa. A 'yan shekarun nan ma an samu wasu ƙwayoyi irin su Tafrodol, waɗanda aka haɗa wani maganin dangin ofiyam da ya fi tiramol ƙarfi da maganin saki jijiya, haɗin da Indiya ta hana sarrafawa a 2025.

Abin da za ka tambaya kafin ka fita daga ɗakin likita

Mun tashi da jin nauyin likita, kuma layin asibiti ba ya ba da damar doguwar magana, amma minti biyu na tambaya sun fi shekaru na jinya. Ka ce masa cikin ladabi: "Likita, wannan maganin kwana nawa zan yi ina sha, kuma idan lokacin dainawa ya yi, tsayawa zan yi kai tsaye ko ragewa zan riƙa yi?" Ka tambaye shi ko farasitamol tare da mai rage kumburi za su wadatar, domin a ciwon haƙori da targaɗe da yawancin ciwon baya, haɗa waɗannan biyun bisa ƙa'ida yana aiki daidai da dangin ofiyam ko ma fiye. Idan ya ga dole sai mai ƙarfin, ka roƙi mafi ƙarancin adadin da zai yi maka aiki, na mafi ƙarancin kwanaki.

Yawan kwanakin nan ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa a 2017, wanda ya duba bayanan marasa lafiya fiye da miliyan ɗaya, ya nuna cewa cikin duk waɗanda aka fara ba irin wannan magani, kusan kashi 6 cikin ɗari suna nan suna sha bayan shekara guda. Ga waɗanda suka yi kwana takwas ko fiye suna sha a karon farko, adadin ya kai kashi 13.5, ga waɗanda suka wuce wata guda kuwa ya kusa kashi 30. Tiramol, wanda mutane da yawa suke ɗauka mai sauƙi ne, yana cikin waɗanda aka fi zarcewa da su a binciken. Don haka ga ciwon da ya zo farat ɗaya, kwana uku zuwa biyar sukan isa, kuma ba kasafai ake buƙatar wuce mako guda ba.

Kai ma akwai abin da ya wajaba ka faɗa, ko da ba a tambaye ka ba. Idan ka taɓa yin farfaɗiya ko jijjiga, ka faɗa, domin tiramol yana tayar da ita ko da an sha daidai ƙa'ida. Idan kana da asma, ko ciwon ƙoda ko na hanta, ko kana minshari mai ƙarfi har numfashinka yana sarƙewa cikin barci, ka faɗa. Idan kana shan maganin damuwa irin su amitiriftilin ko fuluwoksetin, ka nuna masa kwalin, domin haɗuwarsu da tiramol tana iya jawo zazzaɓi mai zafi da makyarkyata da ruɗewa. Mace mai juna biyu ko mai shayarwa ta sanar tun kafin a ɗora biro a kan takarda, saboda kodin da tiramol suna bi ta nono su sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya raunana, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya fi wuyar faɗa shi ne tarihin shaye-shaye. Idan ka taɓa shan benelin ko rochi ko giya, ko da ka tuba shekaru da suka wuce, ka gaya wa likita a asirce, domin zai canza maka magani ko ya sa ido a kanka. Ɓoyewar ba kowa za ta cutar ba sai kai.

Yadda ake sha a gida

Ka samu takarda ka riƙa rubuta lokacin da ka sha kowace ƙwaya da yawan abin da ka sha. Mai ciwo yana mantawa, maganin ma yana sa mantuwa, kuma mutane da dama sun ninka adadi ne ba da gangan ba. Idan akwai wanda ka amince da shi a gida, mata ko miji ko babban ɗa, ka ba shi ajiyar maganin ya riƙa miƙo maka idan lokaci ya yi. Babba mai lafiya ba ya wuce miligiram 400 na tiramol a yini, tsofaffi da masu ciwon ƙoda kuma ƙasa da haka sosai, amma wannan iyaka ce da ba a ƙetarewa, adadinka shi ne wanda likita ya rubuta maka. Idan ka sha kuma ciwon bai lafa ba, kada ka ƙara da kanka, ka koma asibiti, domin ciwon da ya ƙi jin magani wani lokaci alama ce ta cewa ɗorin bai zauna ba, ko rauni ya yi ruwa, ko akwai wata cuta da ba a gano ba. Ƙwayar da aka yi ta don ta narke a hankali cikin sa'o'i ba a tauna ta, ba a daka ta, ba a kuma fasa kwansonta a zuba a shayi ko lemo, domin yin haka yana sakar wa jiki maganin yini guda a lokaci ɗaya.

Kada ka haɗa dangin ofiyam da duk wani abu mai sa barci. Giya, da diyazefam da ake kira D5, da Rohypnol, da firegabalin, da maganin mura ko tari mai sa gyangyaɗi, kowannensu yana ƙara danne numfashi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kwanta ba su tashi ba irin wannan haɗin ne ya yi ajalinsu. Kada ka tuƙa mota ko babur ko adaidaita, kada ka hau gini, har sai ka daina sha. Ka sa ran taurin bayan gida, ka tare shi da yawan shan ruwa da ganye da 'ya'yan itatuwa. A watan azumi kuma ka nemi likita ya sake tsara maka lokutan sha, kada ka tara na yini guda ka watsa a baki da buɗa-baki ko da sahur.

Duk ranar da ka ji ciwon ya yi sauƙin da farasitamol zai iya da shi, ka sauka zuwa farasitamol, ko da saura ƙwayoyi a katin. Wannan magani ba kamar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne da ake cewa sai an shanye. Burin da ya dace ka sa a gaba shi ne ciwon ya ragu har ka iya barci, ka iya tashi ka yi alwala, ka iya taka ƙafarka, domin wanda ya ce sai ya daina jin komai ƙwaf, zai yi ta ƙara ƙwaya ne ba iyaka. Ga ciwon da ya daɗe, irin ciwon baya da na gwiwa da sanyin ƙashi, dangin ofiyam ba su cika amfani na dogon lokaci ba, kuma gashin ƙashi a asibiti da motsa jiki da rage ƙiba sun fi su tasiri. Akwai ma lokacin da maganin da kansa yake ƙara wa jiki saurin jin zafi bayan an daɗe ana sha. Haka nan mai ciwon kai da yake shan Panadol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kodin da tiramol kwana 10 ko fiye, yana iya wayar gari maganin ne yake haifar masa da ciwon kan.

Yadda za ka gane ya fara kama ka

Akwai matakai da ya kamata a rarrabe, domin haɗa su wuri ɗaya yana sa a zalunci wasu, a kuma yi sakaci da wasu. Duk wanda ya yi makonni yana shan dangin ofiyam kullum, jikinsa zai saba, ta yadda ƙwaya ɗaya ba za ta yi aikin da take yi a da ba. Bayan haka jiki zai dogara da shi, ta yadda idan aka yanke farat ɗaya sai hamma da hawaye da majina da zufa su taso, sai murɗawar ciki da gudawa da amai, sai ciwon gaɓoɓi da rashin barci da ƙunci. Wannan yana faruwa da kowa, malami ne ko jahili, mai tsoron Allah ne ko waninsa, kuma ba shaida ce ta lalacewa ba. Mutane da yawa idan suka ji waɗannan alamu sai su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko shawara ko tsohon ciwon ne ya dawo, su sha ƙwaya ɗaya su ji garau cikin rabin sa'a, daga nan su yanke cewa lallai jikinsu yana buƙatar maganin. Gaskiyar ita ce rashin maganin ne ya kawo ciwon, shi ya sa maganin ya kore shi.

Mataki na gaba shi ne jaraba, kuma a hali ake gane ta. Ka tambayi kanka da gaskiya, a inda babu mai jin ka. Shin kana sha ne yanzu don ka samu ƙarfin aiki, ko don baƙin ciki ya gushe, ko don ka daɗe a shimfiɗa, alhali raunin da aka ba ka maganin dominsa ya warke? Shin maganin wata guda yana ƙarewa cikin mako biyu? Ka fara zuwa wurin likita fiye da ɗaya, ko kana zagaya kemis-kemis don kada mai shago ɗaya ya gane yawan abin da kake saye? Kana ɓoye katin a aljihun da iyalinka ba sa taɓawa, kana jin haushi idan an yi maka maganarsa? Ka taɓa cewa daga gobe ka daina, goben ta zo ka kasa? Idan ka amsa da e ko da a biyu daga cikin waɗannan, lokacin neman taimako ya yi, kuma gara yau da wata mai zuwa. Masu sha don ƙarfin namiji su sani cewa daɗewa ana shan dangin ofiyam yana rage sinadarin mazakuta a jiki, ƙarshensa sha'awar da ƙarfin duka su ja baya.

Masu sikila suna buƙatar magana ta musamman, domin an zalunce su ta fuska biyu. Ciwonsu idan ya tashi yana cikin mafi tsananin raɗaɗin da ɗan Adam yake ji, kuma suna da haƙƙin a ba su magani mai ƙarfi da gaggawa ba tare da an dube su da idon zargi ba. Amma jinkirin da suke gamuwa da shi a asibiti ya sa wasu suka koyi yi wa kansu allurar fenta a gida, kuma likitocinmu sun daɗe suna ganin sakamakon: cinya da ɗuwawu da damtse su taurare kamar itace, gyambo ya ɓarke ya ƙi warkewa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Shawarata ga mai sikila da iyayensa ita ce su riƙe asibiti ɗaya da likitan jini ɗaya, a rubuta musu tsarin abin da za a sha a gida idan ciwo ya fara da kuma lokacin da za a taho asibiti, a tambayi likita game da maganin haidiroksiyuriya da yake rage yawan tashin ciwon, kuma kada a yarda sirinji ya zama kayan ɗaki. Haka mai ciwon daji da ya yi nisa, kada tsoron kamu ya sa a hana shi mofin ɗin da likita ya rubuta, domin barin sa cikin azaba zalunci ne da babu wata fa'ida a cikinsa.

Yadda ake rabuwa da shi

Wanda ya sha na 'yan kwanaki kaɗan yana iya tsayawa ba tare da matsala ba. Wanda ya yi makonni ko watanni yana sha kullum kuwa, kada ya yanke rana ɗaya don nuna jarumta, domin wahalar da za ta biyo baya ita ce take mayar da mafi yawan mutane, kuma tiramol yana ƙara da firgita da ruɗewa saboda yadda yake taɓa sinadaran da magungunan damuwa suke taɓawa. Ka je wurin likita ka faɗa masa ainihin adadin da kake sha, ba rabinsa ba, domin a kan abin da ka faɗa zai gina tsarin ragewa. Abin da aka saba shi ne a riƙa rage kusan kashi ɗaya cikin goma na adadin a kowane mako, ga wanda ya shekara ko fiye yana sha kuma a kowane wata. Idan an kai wani mataki jiki ya ƙi, ana iya tsayawa a nan na ɗan lokaci kafin a ci gaba, amma ba a komawa sama. Akwai magungunan da ake bayarwa don gudawa da amai da rashin barci a wannan lokaci. Mace mai ciki da jikinta ya saba kada ta daina da kanta ko kaɗan, domin yankewar tana iya taɓa cikin, ta je awo ta faɗa wa likita.

Alamun yankewa sukan fara ne cikin sa'o'i 8 zuwa 24 bayan ƙwayar ƙarshe, su tsananta a kwana na biyu da na uku, su lafa cikin mako guda zuwa kwana goma, amma rashin barci da kasala da kwaɗayin maganin suna iya ɗaukar makonni. A wannan tsakanin ne ake buƙatar canza hanya: a daina bi ta gaban shagon da aka saba saye, a goge lambar mai kawowa, a nisanci abokan da ake sha tare. Idan abin ya fi ƙarfin gida, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi. Zuwa waɗannan wurare ba ya nufin mutum ya haukace, a can ne ƙwararrun wannan larura suke.

Ga iyaye da ma'aurata, na san zafin ganin naka a wannan hali, amma duka da gori da kora daga gida ba su taɓa cire ƙwaya daga jikin kowa ba, ɗaure mutum da mari kuma azaba ce a kan azaba. Ku zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu su zauna da shi, a faɗa masa abin da aka gani ba tare da tozarci ba, a ce za a raka shi asibiti. Addu'a da nasihar malamai suna ƙarfafa zuciya ƙwarai, sai a haɗa su da magani. Idan ya daina sannan ya koma, kada a yanke ƙauna, komawa abu ne da aka sani a wannan jinya. Sai dai a nan akwai haɗarin da kowa ya kamata ya sani: wanda ya yi makonni bai sha ba, sabon da jikinsa ya yi ya tafi, don haka idan ya koma kan adadinsa na da, adadin nan yana iya kashe shi a ranar farko. Waɗanda suka fito daga asibiti ko gidan gyaran hali sun fi kowa shiga wannan haɗari.

Idan ka tarar da wanda ya sha fiye da kima

Alamu uku ne suke tafiya tare: barci mai nauyin da ko an girgiza mutum an kira sunansa ba ya farkawa, numfashi mai rauni da bai kai sau 10 a minti ɗaya ba ko mai fita da gurnani, da kuma ƙwayar ido da ta tsuke ta zama ɗan ɗigo. Leɓe da farce suna iya yin duhu, jiki ya yi sanyi, mai tiramol kuma yana iya yin jijjiga. Kada a ce a bar shi ya yi barci zai wartsake. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Idan yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki. A kwantar da shi a gefensa, a ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe, a kira 112 inda layin yake aiki ko a nemi mota nan take, idan kuma numfashin ya tsaya, wanda ya iya ya hura masa iska baki da baki har a isa.

A tafi da kwalin ko katin abin da ya sha, a faɗa wa ma'aikatan asibiti gaskiya tun daga ƙofa, domin akwai allura mai suna nalokson da take warware aikin dangin ofiyam cikin mintuna kaɗan. Ƙarfinta yakan ƙare cikin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya da rabi, alhali ƙwayar tana nan a jiki, saboda haka ko ya farka ya ce ya warke, kada a yarda a dawo da shi gida sai likita ya sallame shi. Wanda ya sha farasitamol da yawa shi ma a kai shi a ranar, ko da yana tafiya da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa ƙalau, domin maganin da yake kare hanta ya fi aiki a cikin sa'o'i takwas na farko.

Sauran maganin da ya rage bayan an warke kuma kada a bar shi a kan madubi ko a cikin kwanon ɗaki, inda yaro zai ɗauka alewa ce, ko matashi ya gwada don son sani. Kada a ba maƙwabci don ya ce ciwonsa irin naka ne, domin ba ka san halin ƙodarsa ko abin da yake sha ba. Muddin ana amfani da shi, a kulle shi a akwati a riƙa ƙirga abin da ya saura, idan an gama kuma a mayar da ragowar ga sashen ba da magani na asibitin da aka karɓo shi.